Yadda Iyaye a Ƙasar Holan Suka Ƙwato wa 'Ya'yansu Hanya

Duk wanda tafiya ta taɓa kai shi ƙasar Holan, in ya komo gida ya zauna ba da labari, da wuya ya gama bai ambaci kekuna ba. Ya kan ce ya ga likita bisa keke, ya ga tsohuwa mai furfura ta ɗauro cefane a baya tana tuƙawa, ya ga yaro ɗan shekara 8 ya nufi makaranta shi kaɗai, ba babba tare da shi. Ba ƙarya ya yi ba. Mutanen ƙasar wajen miliyan 18 ne, amma kekunan da ke cikinta sun haura miliyan 22, watau sun fi mutanen yawa. Fiye da rubu'in tafiye-tafiyen da a ke yi a ƙasar, bisa keke a ke yin su. Hanyoyin da aka keɓe wa kekuna kuwa, in an haɗa tsawonsu, sun kai wajen kilomita 35,000.

In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba hawa ba gangara, ko kuwa a ce halin mutanenta ke nan tun kaka da kakanni. Akwai ƙamshin gaskiya cikin maganar, amma ba ta isa ba. Yadda ƙasar ta ke shimfiɗe yau, haka ta ke a 1971, shekarar da motoci suka kashe yaranta fiye da 400. Hanyoyinta ne suka sake kama, kuma ba don kansu suka sake ba. Waɗansu iyaye ne suka tashi, suka yi ta matsa wa hukuma shekara da shekaru, har aka sake su. Labarinsu za mu bayar a nan, gama akwai abin da akawu da malamin makaranta za su tsinta a ciki.

Zuwan Mota

Sa'ad da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, Holan tana cikin talauci, an rushe mata garuruwa da gadoji. Kusan kowa a kan keke ya ke zuwa aiki, zama ba shi da halin sayen wani abin hawa. Sa'an nan arziki ya soma shigowa. Masana'antu suka farfaɗo, aka sami iskar gas mai yawa a lardin Groningen cikin 1959, albashi ya yi ta hauhawa. A 1960 ƙananan motocin ƙasar kamar rabin miliyan ne. Kafin 1970 sun tasam ma miliyan biyu da rabi.

To, biranen Holan tsofaffi ne, an gina su tun ba a san mota ba, hanyoyinsu ƙuntatattu kamar lungunan cikin ganuwa. Masu tsara birane suka dubi Amurka, suka ce abin da ya kamata shi ne a faɗaɗa wa mota, gama ita ce abin hawan gobe, keke kuwa ya kusa zama tarihi. Aka rushe gidaje don a fitar da manyan tituna. Dandalin da a ke cin kasuwa aka mai da shi wurin ajiye motoci. A birnin Utrecht aka cike wani sashe na tsohuwar hanyar ruwa wadda ta kewaye garin tun zamanin ganuwa, aka zuba mata kwalta. Cikin 1967 wani Ba'amurke masanin hanyoyi, David Jokinen, ya fito da shirin ratsa birnin Amsterdam da titi mai layi 6, wanda da an yi shi da ya cinye unguwannin talakawa da dama.

Ba a daɗe ba lissafi ya fito. A 1972 mutum 3,264 suka mutu bisa hanyoyin Holan, watau kusan mutum 9 ko wace rana. Yara kuwa, a shekarun nan, fiye da ɗaya kullum. Malamin da ke da yara 40 a ajinsa ya ƙiyasta da kansa: aji 10 cur ke nan a ke binnewa ko wace shekara.

Me hukuma ta ke yi? Abin da kowa ya saba. A buga takardu a raba a makarantu, a gargaɗi yara su duba hagu da dama, a ce iyaye su kula. In an kaɗe yaro, a ce hatsari ne, a yi wa iyayensa ta'aziyya, titin nan kuwa ya kwana yadda ya ke, yana jiran na gaba.

Uban da Ya Ƙi Yin Shiru

Akwai wani ɗan jarida a kudancin ƙasar, sunansa Vic Langenhoff, yana rubutu a jaridar da a ke kira De Tijd. Cikin 1971 mota ta kaɗe 'yarsa mai shekara 6 tana kan hanyar makaranta, ta mutu. Aka kai direban gaban shari'a, aka ci shi 'yar tara wadda ba ta taka kara ta karya ba. Cikin watan Satumba na 1972 uban ya rubuta dogon bayani a jaridarsa, ya yi kira a kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna Stop de Kindermoord. Ma'anar sunan da Hausa ita ce, a daina kisan yara.

Ku dubi kalmar da ya zaɓa. Bai ce hatsari ba, ya ce kisa. Hujjarsa ita ce, abin da ke aukuwa sau 400 a shekara, a wurare iri ɗaya, ta hanya iri ɗaya, kowa kuma ya san baɗi ma zai auku, ya wuce a kira shi tsautsayi. Akwai waɗanda suka zana titin, akwai waɗanda suka yanka iyakar gudu a kansa, akwai waɗanda suka ba da kuɗin aikin. In haka ne, akwai waɗanda za a riƙe.

Maganar ta sosa wa mutane inda ke yi musu ƙaiƙayi. Iyaye daga ko wane sashe na ƙasar suka amsa kira. Wata matashiya a Amsterdam mai ɗan ƙaramin yaro, Maartje van Putten, ta zama shugabar ƙungiyar tun tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ita ce daga baya ta zauna a Majalisar Turai daga 1989 zuwa 1999.

Ga irin abin da suka riƙa yi. In aka kaɗe yaro a wata mararraba, sai su taru su zauna a wurin, su hana motoci wucewa na ɗan lokaci, don kowa ya san abin da ya faru. Su kan tare titin unguwa yini guda, su fito da tebura da kujeru a ci abinci a tsakiyarsa, yara su yi wasa, maƙwabta su ga yadda unguwarsu za ta zama in ba motoci. Su kan kai kuka wurin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Har ranar da suka hau kekuna suka nufi ƙofar gidan Firayim Minista, Joop den Uyl, suka kai masa kokensu.

Yara ma ba a bar su a baya ba. A Amsterdam akwai wata unguwa mai cunkoso, De Pijp, inda gidaje ke manne da juna, motoci kuma sun cike ko wane fili. Cikin 1972 'yan makarantar unguwar suka ɗauki alluna suka fita, suna neman a ba su titi guda na wasa. Suka sa shinge, manya suka taya su, direbobi suka fusata suna ture shingen, har aka ba hammata iska. An ɗauki fim ɗin abin, aka nuna a talabijin, ƙasa duka ta ga yara suna roƙon wurin wasa, ta ga ƙattai suna faɗa da su a kan haka. A shekarar nan ce kuma majalisar birnin ta ƙi yarda da wani babban titi da aka so a ratsa tsohuwar unguwar Nieuwmarkt da shi. Da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak aka kayar da shirin.

Lahadin da Ba Mota

Ana cikin haka sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila cikin Oktoba 1973. Ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana sayar wa Amurka da Holan mai, farashinsa kuma ya riɓanya kamar sau 4 cikin 'yan watanni. Gwamnatin Holan ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. Daga 4 ga Nuwamba 1973 zuwa 6 ga Janairu 1974, Lahadi 10 a jere, tituna suka yi tsit. Mutane suka fito da ƙafa da kekuna, waɗansu bisa dawaki, waɗansu suka yi shimfiɗa a tsakiyar babban titi suna cin abinci. Tsofaffi suka tuna yadda gari ya ke dā, yara kuma suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Firayim Minista ya yi jawabi a talabijin, ya gaya wa jama'a duniyar da suka sani kafin matsalar mai ba za ta komo ba.

Amma fa ba Holan kaɗai ta hana mota ranar Lahadi a lokacin ba. Jamus ta Yamma ta yi, Beljiyam ma ta yi. Da mai ya samu, yawancin ƙasashe suka koma gidan jiya. Abin da ya bambanta Holan shi ne, matsalar ta tarar da mutane a shirye, da ƙungiyoyinsu, da ƙididdigarsu, da jerin abin da su ke so a yi. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, su kuwa guduma tana hannunsu.

Cikin 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, wadda a yau a ke kira Fietsersbond. 'Ya'yanta su kan fita da dare su ja layin keke da fenti a titin da hukuma ta ƙi yin sa. Cikin 1977 dubban mahaya suka taru a wani babban fili a Amsterdam, suka kwanta ƙasa kusa da kekunansu kamar matattu, don tunawa da waɗanda motoci suka kashe. Ƙungiyar iyaye kuwa, gwamnati da kanta ta soma ba ta taimakon kuɗi, ta buɗe ofis, ta shiga zama da injiniyoyi ana zana sababbin tituna. Daga ihu a bakin hanya, aiki ya koma bisa tebur.

Abin da Aka Gina

Abu na farko shi ne titin unguwa. A garin Delft aka soma gwada wani tsari da su ke kira woonerf, wanda in za a fassara shi sai a ce tsakar gidan unguwa. A kan cire kwalta a shimfiɗa tubali, a dasa itatuwa, a sa bencina, a karkata hanyar yadda ba za ta miƙe ba. Mota tana da izinin shiga, amma baƙuwa ce, dole ta yi tafiya kamar ta mai ƙafa, yara kuma suna da ikon wasa a ko'ina cikin titin. Cikin 1976 aka sa tsarin cikin dokar ƙasa. Da aka ga yana da tsada, ba a iya yin sa ko'ina, sai cikin 1983 aka fito da mai sauƙi: unguwa sukutum wadda ba a wuce kilomita 30 a awa a cikinta, da 'yan tudu a kan titi da ƙuntatattun mashigai waɗanda za su tilasta wa direba ya rage gudu ko ba ɗan sanda.

Me ya sa 30? Wannan lissafi ne da malami zai iya ba 'yan aji shida. Direban da ya hangi yaro ya faɗo titi ya kan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga burki. In yana gudun kilomita 30 a awa, cikin daƙiƙan nan motar ta ci mita 8, burki kuma ya ci kamar mita 5, jimla mita 13 ta tsaya cik. In kuwa yana gudun 50, cikin daƙiƙan nan kaɗai ta ci mita 14. Watau a daidai inda mota ta farko ta riga ta tsaya, ta biyu ko burki ba a taka mata ba tukuna, da cikakken gudunta za ta sami yaron. Bugu da ƙari, ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka sau 2, ƙarfin bugu ya ninka sau 4. Shi ya sa mafi yawan waɗanda mota ta buge tana gudun 30 su kan rayu.

Abu na biyu, raba hanya. Inda dole motoci su yi gudu, sai a ba keke hanyarsa dabam, da dakali tsakaninsa da motoci, a ba mai ƙafa tasa. Gwamnati ta ba da kuɗi aka gwada a biranen Tilburg da Hague cikin shekarun 1970, aka yi hanyoyin da jan daɓe don kowa ya gane su. Gwajin ya koya musu wani abu: hanya guda mai kyau ba ta isa ba, gama mutum ba ya sa ɗansa a hanyar da rabinta lafiya, rabinta halaka. Saboda haka daga 1979 garin Delft ya shiga saƙa hanyoyin keke kamar raga, yadda daga ko wane gida za a kai ko wace makaranta da kasuwa ba a yanke ba.

Abu na uku, hana motoci ratsa tsakiyar gari. A Groningen wani matashin ɗan majalisar gari, Max van den Berg, ya jagoranci shirin raba tsakiyar birnin kashi 4. Mai ƙafa da mai keke da motar bas suna ƙetarawa daga wannan kashi zuwa wancan kai tsaye. Mai mota kuwa sai ya fita ya bi hanyar da ta kewaye gari, sa'an nan ya shiga kashin da ya ke so. 'Yan kasuwa suka yi ca, suka ce za a kashe musu ciniki. Cikin Satumba 1977, a dare ɗaya, aka kakkafa allunan, gari ya waye da sabon tsari. Kasuwa ba ta mutu ba. Yau Groningen tana cikin biranen da aka fi hawan keke a duniya duka.

Cikin shekarun 1990 aka tattara darussan nan aka mai da su ƙa'ida ta ƙasa. Tushenta magana biyu ce. Ɗan Adam ajizi ne, ko an yi masa gargaɗi sau dubu wata rana zai yi kuskure. Jikinsa kuma ba ƙarfe ba ne. Tun da haka ne, wajibi ne a gina hanya yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Aka kasa tituna iri 3: na tafiya mai nisa inda ba mai ƙafa ba mai keke, na rarraba motoci cikin gari inda kowa ke da hanyarsa, da na unguwa inda a ke cuɗanya amma da ƙaramin gudu. Ko wane iri da kamanninsa, yadda direba da ganin titi ya san gudun da a ke so ya yi.

Shari'a ma ta bi sahu. A dokar Holan, in mota ta buge yaron da bai kai shekara 14 ba, yana tafe da ƙafa ko bisa keke, mai motar ko kamfanin inshorarsa ne ke biyan diyya duka, ko da yaron ne ya yi kuskure, in ba da gangan ya yi ba. In babba ne, a ƙalla rabi, sai fa in direban ya tabbatar ba shi da laifi ko kaɗan. Dalilinsu shi ne, wanda ya fito da abu mai haɗari cikin jama'a shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyinsa.

Riba da Sauran Aiki

A 2013 da 2014 mutum 570 ne suka mutu ko wace shekara bisa hanyoyin Holan, alhali motoci sun ninka na 1972 fiye da sau 2. Yaran da ke mutuwa sun sauko daga fiye da 400 zuwa kamar 20 a shekara. Gaskiya ita ce ba gyaran tituna kaɗai ya kawo wannan ba. An kafa dokar hana tuƙi cikin maye a 1974, an wajabta ɗamarar kujera a 1975, motoci sun ƙara inganci, asibitoci ma haka. Amma ɗamara na cikin mota ta ke tsarewa. Yaron da ke waje, rage gudu da raba hanya ne suka cece shi.

A Utrecht an haƙe kwaltar nan da aka zuba, aka maido da ruwa cikin 2020. A tashar jirgin ƙasan birnin akwai rumfar ajiye kekuna mai cin keke 12,500, wadda aka gama a 2019.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. A 2022 mace-macen hanya suka sake haura 700, kusan 290 daga ciki mahaya keke ne, yawancinsu tsofaffi, waɗansu bisa kekunan nan masu lantarki da suka fi na dā gudu. Ƙungiyoyin suka sake tashi. Cikin Disamba 2023 birnin Amsterdam ya mai da iyakar gudu kilomita 30 a kan kashi 80 cikin 100 na titunansa. Shekara 50 bayan rubutun Langenhoff, har yanzu ana jan igiyar.

To, Mu Fa?

Abin mamaki, tsadar man nan ta 1973 wadda ta komar da mutanen Holan bisa keke, ita ce ta saukar da mu daga kansa. Dattawanmu sun san zamanin da keken Raleigh shi ne darajar akawun En'e da malamin makaranta, a goge shi fes, a biya masa lasin, a jingine shi a inuwar ofis. Da kuɗin mai ya shigo Nijeriya, aka biya ariyas na Udoji cikin 1975, a shekarar nan kuma aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota, keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Tituna kuma aka riƙa gina su don masu mota, tamkar yadda Holan ta yi a shekarun 1960.

Alhali kuwa ku fita bakin titi da safe ku ƙirga. 'Yan makaranta, da 'yan talla, da masu tura kurar ruwa, da mai kai kayan lambu kasuwa bisa keke, da tsohuwa mai zuwa asibiti, su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a yi wa wuri ba. Gefen titi ko buɗaɗɗiyar kwata ce, ko an ajiye motoci, ko an kasa kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa bisa hanyoyin duniya ko wace shekara, cewa babu abin da ya fi hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ko'ina asara.

An taɓa yin kira a koma wa keke a ƙasar nan. Cikin 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta jan hankalin mutane, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Wata rana motar bas ta ture shi cikin rami. Ya tsira, mutane suka yi ta ba'a, maganar ta bi ruwa. Amma abin da ya same shi ya fi jawabinsa koyarwa. In minista bai tsira a titin babban birni ba, wane uba zai sa ɗansa? Ba a ce da mutum ya shiga kogi sai an tanadi jirgi.

Wani zai ce Holan ƙasar masu kuɗi ce. Haka ne, amma hanyar ƙafa da ta keke su ne mafi araha cikin dukan ayyukan hanya. Kuɗin gadar sama guda ya isa a rufe kwata, a yi dakali, a gyara mashigin makarantu masu yawa. Wani kuma zai ce rana ta yi mana zafi. Su ma ruwan sama da iska da sanyi ba su raga musu ba. Maganin rana inuwa, dogon yaro kuwa ba ya ƙin ƙasarmu. Masu kasa kaya a gefen titi, abinci su ke nema, in an kore su gobe za su komo. Sai a yi musu wuri cikin tsarin tun farko.

Abin da Akawu da Malami Za Su Iya

Iyayen Holan da ƙirga suka fara, ƙirga kuwa sana'arku ce. Malami ya san mashigin da ya ke fargaba in an tashi yara. To, ya buɗe littafi: ranar kaza, ƙarfe kaza, a wuri kaza, abin hawa iri kaza ya buge yaro, ko ya kusa. Ya sa 'yan ajinsa su zana taswirar hanyar da ko wannensu ke bi daga gida, su sa jan alama inda su ke jin tsoro. Kafin zangon karatu ya ƙare, taswirar za ta nuna wuri 2 ko 3 da alamun suka taru. Akawun asibiti da na ƙaramar hukuma su ma suna da nasu littattafan, in an haɗa su da na makaranta hujja ta kammala.

Sa'an nan a kai maganar taron iyaye da malamai, a ɗauki mai unguwa da dagaci, a tafi wurin hakimi da kansila da shugaban sashen ayyuka. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa gina tituna da fitilunsu da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, har da ba da lasin keke da amalanke. In titin na jiha ne ko na tarayya, sai a nufi ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988. In an je, kada a ce a gyara mana hanyoyi, gama wannan roƙo ne da kowa zai amsa da to, ya manta. A nemi abu guda mai suna: tudun rage gudu 2 a ƙofar makarantar kaza, da murfin kwata daga nan zuwa can. A rubuta, a ajiye kwafe, a koma bayan wata guda, a sake komawa. Kuma kada a bar matasan unguwa su zuba nasu tudun da dare ba alama ba fenti, gama irin wannan ya kan kayar da masu babur, a gudu daga wata ɓarna a faɗa wata.

Daga rubutun Langenhoff zuwa dokar titin unguwa shekara 4 ce. Daga nan zuwa dokar gudun 30, wata shekara 7. Waɗanda suka soma aikin, 'ya'yansu sun girma kafin a gama, jikokinsu ne suka ci moriya sosai. Haka dashen itace ya ke. Malamin da ya buɗe irin littafin nan a makarantarsa, muna so ya rubuto wa Edita abin da ya ƙirga da amsar da aka ba shi, mu buga don na wani gari ya gani.